Bataliyar da Ke Kwance a Durowa

Tun ina 'yar firamare sojojin Baba suke kwance.

A ɗakin ƙasa na gidanmu da ke Thunder Bay akwai wata tsohuwar durowa mai faɗi, wadda ya tsinto a masana'antar takardar da yake aiki. A cikinta, bisa auduga, ɗaruruwan sojojin dalma ne jere, kowanne bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba. Sojojin Italiya ne na yaƙin duniya na biyu, waɗanda suka yi yaƙi a hamadar Libiya, masu gashin tsuntsu a gefen hula. Babu ɗan Italiya ko ɗaya a danginmu, kakannina daga Finland suka zo. Hoto kawai Baba ya gani yana saurayi, na wani soja yana shan ruwa a gwangwani, shi ke nan ya ɗauki bataliyar mutumin ya ɗora wa kansa.

Ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, har maɓallan riga, har tsatsar da ke jikin igwa. Abin da ya rage shi ne ya manna su. Ba a wasa da soja shi kaɗai. Sai an manna su rukuni-rukuni a kan 'yan ƙananan falankai, an barbaɗa yashi, an shafa launin kamfaninsu, wato sashensu a cikin bataliya, a gefen falankin, sannan su hau teburin wasan yaƙi. Yadda za a manna su kuwa ya danganta da yadda aka tsara bataliyar a ranar yaƙin da ake kwaikwayo. Nan Baba ya maƙale. A shekarar da ya zaɓa, an ba da umarni a sauya tsari. A tsohon tsari igwoyin harbo tankoki suna kamfani guda nasu na kansu. A sabon tsari an rarraba su, kowane kamfani da nasa. Shin a watan Mayun wannan shekara bataliyarsa ta sauya, ko ba ta kai ga sauyawa ba? Bai sani ba, ya kuma rantse ba zai manna ko mutum ɗaya a kan zato ba.

Don haka duk Asabar, a ɗakin ƙasa na cocin da ƙungiyarsu ta masu wasan yaƙi da sojojin dalma take haɗuwa, da aron sojoji yake wasa. Kawu Stan, amininsa tun suna samari, shi ya raɗa masa suna Janar Auduga.

Ƙungiyar tana da wata al'ada da suke kira fareti. Duk wanda ya kawo sabuwar runduna, kafin a jefa ƙwayar lido ta farko, abokin karawarsa zai zagaye ta, hannuwa a baya, ya nemo mata aibi. Sai mai rundunar ya kare kansa, a yi ta musu, a jawo littattafai, kofi ya huce. Babu wanda ya kai Kawu Stan iya wannan. Na taɓa ganin ya sa wani likitan haƙori ya kusa kuka a kan launin safar soja. Ni dai ina kusurwa a kan kujerar roba, da littafina, ba na cewa uffan. Har na tafi jami'a wasunsu ba su san muryata ba.

Na karanta tarihi a Toronto, na haɗa da harshen Italiyanci. Ban taɓa gaya wa kowa dalilin Italiyancin ba. Da na gama ban sami aiki ba, na dawo gida, na tarar da hannun Baba na dama yana rawa a kan tebur kamar ba nasa ba. Kafin ƙanƙara ta sauka na hagun ma ya kama. Ya faɗi a matakala sau biyu. Likita ta ce gidan mai bene ba nasa ba ne kuma, aka sa shi a layin gidan kula da tsofaffi. A tsakiyar hunturu suka kira suka ce ɗaki zai samu a ƙarshen Maris. Mun je mun gani. Gado, kujera, taga mai kallon wurin ajiye motoci. Teburin da ke ciki faranti ɗaya yake ɗauka.

A hanyarmu ta dawowa muka biya gidan Kawu Stan. Ya saurari labarin ɗakin yana tauna fanke, bai ce sannu ba.

“To, Janar Auduga,” ya ce, “Asabar ɗin ƙarshe ta Maris za mu kara. Tankokina na Ingila sun gaji da jiran 'yan barcin nan naka. Ka tashe su, ko in zo in tashe su da tsintsiya.”

“Sai na san inda igwoyin suke,” in ji Baba.

“Ga 'yarka nan da digiri. Me aka kai ta Toronto ta yi, kallon dogayen gine-gine? Maija, nemo wa tsohon nan igwoyinsa kafin ya mutu ya bar mu da auduga.”

Baba ya yi dariya har kofinsa ya zube. Rabon da in ji dariyarsa tun kaka.

Na shiga nema. Laburaren garinmu ya aro mini littattafai daga Ottawa da wasu jami'o'in Amurka, wasu ba a taɓa buɗe su ba, shafukansu a manne. Na rubuta wa wani tsohon malami a Bologna, ya turo mini hotunan takardun da ya ɗauka da wayarsa, yatsansa ya rufe kusurwar kowace. Da safe in ba Baba maganinsa, in share ƙanƙarar ƙofar gida, in zauna a teburin kicin da ƙamus. Shi kuma yana kujerarsa ta bakin taga, wai yana kallon tafki, amma duk shafin da na juya sai na ji ya ɗago.

Abin da na samu ya fi rashin samu ciwo. Umarnin sauya tsari ya fita, wannan babu shakka. Amma wani rahoto ya ce igwoyin da za a yi sauyin da su suna cikin jirgin da bai iso ba. Wani hafsa da ya rubuta tarihin rayuwarsa bayan ya tsufa ya ce kamfaninsa yana da igwoyinsa a ranar. Wani hafsan na bataliyar ya ce aro suka yi daga maƙwabta, suka mayar da yamma. Akwai hoto guda mai kyau, igwa biyu da sojoji masu gashin tsuntsu a kewaye, amma an buga shi a littattafai uku, kowanne da wata dabam a ƙarƙashinsa. A hankali na gane cewa mutanen da suke cikin ƙurar nan su kansu ba su san tsarinsu ba. Abin da ya tashi da safe, da shi ake fita. Abin da ya lalace a bar shi a hanya. Tsarin yana kan takarda a wani ofis mai fanka, nesa da su.

Na faɗa wa Baba wata ranar Lahadi, bayan mun ci abincin rana.

“Sabon tsarin ya fi rinjaye,” na ce. “Da ni ce, shi zan bi.”

“Rinjaye ko tabbas?”

“Baba, babu tabbas. Su ma ba su sani ba.”

“Wani ya sani. Akwai sajan ɗin da yake raba abinci. Shi ya san bakin da yake ciyarwa.”

“Ya rasu, Baba. Bai rubuta komai ba.”

Ya juya ga taga. Tafkin ya daskare har inda ido ya kai, rumbunan alkama na tashar jirgi suna tsaye a bakinsa.

Maris ya shigo, na fara ɗaure kayan gida a kwalaye. Wata safiya na same shi a ɗakin ƙasa, ban san yadda ya sauka ba. Ya ɗauko soja ɗaya yana so ya gyara masa gashin hula, buroshin ya shafa baƙin fenti daga fuskar sojan har ƙirji. Ya daɗe yana kallonsa.

“Manna su,” ya ce. “Yadda kika ce.”

Na ɗauko gam mai ƙarfi, wanda in ya kama ya kama ke nan. Ya girgiza kai, ya nuna mini farin gam irin na 'yan makaranta. Na san bambancinsu. Farin gam ruwa yana sakinsa. Na gani, na ɗauko shi.

Makonnin nan su ne mafi daɗi da na yi da shi. Ni ce hannu, shi ne baki. Yashin da ya ɗebo a bakin tafki tun ina yarinya yana nan a gwangwanayen kofi. Muka tankaɗe shi da rariyar Mama, wadda ba a taɓa ba tun rasuwarta, muka gasa shi ya bushe. “Matsar da mai mashingar nan hagu, zai harbi abokinsa a ƙeya.” “Wannan sajan ne, ba ki ga hannun rigarsa ba? A gaba yake tsayawa.” Ya san kowannensu. Akwai wanda ya yi wa fenti ranar da na fara tafiya, akwai wanda ya yi a makon jana'izar Mama, ya ce shi ya sa rigarsa ta yi duhu. Da muka gama kamfani na farko, muka jera su a kan injin wanki, sai na ga ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya kasa mayarwa.

Fareti ne ya hana ni sukuni. Na san inda tsarinmu yake da rauni, na kuma san Kawu Stan ya karanta rabin littattafan da na karanta. Tambaya ɗaya zai yi a kan igwoyin, Baba ya waiwayo gare ni, ni kuwa ba ni da amsar da ta wuce rinjaye. Sai farin gam ɗin ya yi aikinsa, Baba ya sa a jiƙa su a ruwa su saki.

Ranar Alhamis kafin wasan na je gidan Kawu Stan. Na zauna a mota har gilashi ya yi hazo kafin na iya fita. Na same shi a garejinsa yana busa wa tankoki ƙura.

“A'a, 'yar Janar! Leƙen asiri aka turo ki?”

Na yi maganar ƙanƙara. Na yi maganar gwiwarsa. Sai da na kama hannun ƙofa zan tafi sannan abin ya fito.

“Kawu, ranar Asabar... in ka ga wani abu, don Allah ka bar shi.”

Ya ajiye tankar. “Wane abu?”

“Kowane abu. Faretin. Ka ce sun yi kawai. Wannan ne wasansa na ƙarshe, ba na so a taɓa masa su.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Ban taɓa ganin fuskarsa babu tsokana ba, sai ta zama fuskar tsoho kawai.

“Har abin ya kai haka?”

Na gyaɗa kai.

“To,” ya ce. “Na ɗinke bakina.”

Ranar Asabar mutanen ƙungiya sun cika ɗakin cocin, har waɗanda suka daina zuwa. An haɗa tebura, an shimfiɗa zane mai launin ƙasa, an yi tuddai da soso, an ja hanyar mota da alli. Wani ya kawo fanke kwali biyu. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci. Na fito da falankan ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini wurin kowanne da sandarsa, kamfani uku a jere, kowanne da igwoyinsa, motoci a baya. Da na ajiye na ƙarshe wani ya fara tafi.

“Ashe suna da ƙafafu!” in ji likitan haƙorin nan. Aka yi dariya.

Baba ya gyara tsayuwa, ya dafa tebur don hannunsa ya natsu. Kunnuwansa sun yi ja. Na san wannan tsayuwar, ta mai jiran faɗa ce. A daren jajibirin ma na ji shi a banɗaki yana maimaita amsoshi shi kaɗai.

“Bismillah, Sufeto,” ya ce wa Kawu Stan. “Zo ka yi haushinka.”

Kawu Stan ya sa hannuwa a baya. Ya bi layin farko a hankali, ya sunkuya, ya miƙe. Ya bi na biyu. A wajen motocin ya ɗan tsaya, na ga leɓensa ya motsa, sai ya dubi inda nake ya wuce. Ya zagayo ya tsaya.

“Sun yi kyau, Reino,” ya ce, ya kira Baba da sunansa na gaskiya. “Mu fara.”

Baba ya ɗago kai ya dube shi.

“Me ka ce?”

“Na ce sun yi kyau. Ina ƙwayar lidon?”

“Reino,” Baba ya maimaita. “Yau ni ne Reino.” Ya dubi mutanen da ke kewaye, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. “Stan, tun muna da gashi a ka ban taɓa jin ka ce sojan wani ya yi kyau ba. Na ɗan'uwanka ma cewa ka yi kamar an tsamo su daga miya. Me ka gani?”

“Ban ga komai ba.”

“Igwoyin ne.”

“Wallahi ba igwoyin ba ne. Ni ina na san inda igwoyin suke? Wa ya sani?”

“To mene ne?”

Kawu Stan ya shafa ƙeya. Ya sake dubana, wannan karon Baba ya bi idonsa har inda nake zaune a kujerar roba. Na ji fuskata ta ɗau zafi. Da ina da bakin magana, lokacin ne zan tashi in ce ni ce, tsoro ne ya sa ni, ku yi faɗanku.

“Roƙonka ta yi,” in ji Baba, a hankali.

“Motar ruwa!” Kawu Stan ya ce da ƙarfi, kamar wanda aka tsikara. “Babu motar ruwa! Bataliya guda a tsakiyar hamada, me za su sha, fenti? Shekara nawa kana wannan aiki, Janar Auduga, ka manta mutane suna jin ƙishirwa?”

Gaskiya ne, babu motar ruwa. Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi a ɗakin asibiti. Na ga amsar ta taso wa Baba har maƙogwaro, domin yana da ita, na sani, motocin ruwa ba na bataliya ba ne, daga sama ake turo su, mun karanta tare. Da a zagayen farko aka faɗa, da sun kai la'asar suna musu, da an jawo littattafai, da an yi wasa.

“Da ɗazu ka faɗa, da na yarda da kai,” ya ce. “Yanzu sadaka ce.”

“Haba, Reino.”

“Ka ga? Ka sake.” Ya lalubi sandarsa. “Ba a yi wa mai rai shiru a wurin fareti, Stan. Kai ka fi kowa sani. Maija, kwashe su.”

Suka yi ta ba shi baki. Likitan haƙorin ya ce shi zai yi faretin, yana da aibi goma a shirye. Baba bai ko dube shi ba, ya nufi matakala, mutum biyu suka bi shi don kada ya faɗi. Na mayar da falankan cikin kwalaye. Kawu Stan ya taya ni, manyan yatsunsa suna ɗaukar su kamar ƙwai. Ƙwayar lidon tana tsakiyar tebur inda aka ajiye ta.

A bakin mota ya riƙe mini ƙofa. “Ban iya shiru ba, 'yata,” ya ce. “Ban taɓa gwadawa ba sai yau.”

A hanya Baba bai yi mini faɗa ba. Na so ya yi. Da muka iso gida ya zauna a kicin da rigarsa ta coci, ya ce in ɗauko tirorin gasa biredi na Mama, duka, in zuba ruwa mai ɗumi.

“Baba, ba igwoyin ba ne. Ka ji ya rantse.”

“Na ji.”

“To me ya sa?”

“Ke kin ce rinjaye. Na karɓa ne don na san Stan zai duba. In ya duba da gaske bai kama ba, to ya zama tabbas, irin tabbas ɗin da mutum kamata zai samu.” Ya ɗora hannunsa na dama a kan na hagu, suka ci gaba da rawa tare. “Yanzu babu wanda zai sake duba mini da gaske. Kowa ya san ɗakin da za ni.”

Na ce zan kira Kawu Stan ya zo gobe, su biyu kawai, a teburin nan. Ya ce Stan zai zo da aibi a aljihu, wanda ya kwana yana shiryawa don ya faranta masa. Na ce to mu bar su a manne, ko don aikin da muka yi. Ya tura mini tire na farko da bayan hannunsa.

Na jera su a ciki, kamfani-kamfani, ruwan ya kai musu idon sawu. Tirorin suka cika tebur, suka cika kan murhu, ɗaya a kan kwalin da na rubuta wa “kwanuka”. Rana tana shigowa ta taga. Da farko babu abin da ya faru. Sannan ruwan ya fara yin fari, yashin tafki ya saki ya kwanta a ƙasa. Sajan ɗin da ke gaba shi ya fara karkata, ya jingina da na bayansa, suka faɗi tare.

“Ki tsame su da wuri kada fentin ya jiƙa,” in ji Baba. “Audugar tana nan?”

“Na ɗaure ta a kwali.”

“Kwance ta.”

Ranar Talata aka kai shi gidan kula da tsofaffin. Durowar ba ta shiga ɗakin ba, mun auna. Tana nan a ɗakin ƙasa, masu sayen gidan sun ce in kwashe ta kafin Mayu. Malamin nan na Bologna ya sake turo mini hotuna, ya ce ya sami wani akwatin takardu da ba a taɓa buɗewa ba, wataƙila amsar tana ciki. Na gaya wa Baba da na je. Yana kallon wurin ajiye motoci.

“Wa zai duba?” ya ce.